Yadda ake kai iyali shan iska gidan gona daga Damagaram, a dawo kafin magariba

Fitar yamma gajera ce ƙwarai. A watan Disamba, ƙarfe 6 na yi rana ta kai bakin faɗuwa a Damagaram, kuma yawancin gidaje ba sa iya tashi sai an sallame azahar wajen ƙarfe 2. Awa huɗu ke nan. A cire tafiya da dawowa, a cire sallar la'asar, abin da ya rage na zama bai wuce awa biyu da rabi ba. Gidan da ƙarfe 3 ta yi musu ana neman takalmin auta, ana jiran shinkafa ta tsotse, sun riga sun cinye rabin yammacinsu a tsakar gida. Saboda haka yawancin aikin wannan fita tun jajibiri ake gama shi.

Zaɓen wuri da neman izini

Wuri mafi sauƙi ga mai fita da yara shi ne ɓangaren Mirya. Kilomita 18 ne gabas da gari a kan kwaltar da ta nufi Gure da Diffa, mota ba ta cin rabin awa. Akwai garake, akwai manyan kukoki, akwai mangwaro da gwaba da lemun tsami, in kuma wani abu ya taso asibiti na kusa. Kudu ma akwai wurare masu dausayi a hanyar Magarya, wajen Dogo da kwarin Korama inda ake noman rake, sai dai tafiyar ta fi tsawo. Gidimuni, mai tafki da dabino, ta haura kilomita 60. Wannan ta yini ce cur, a tashi da hantsi. Kada a cusa ta cikin fitar yamma, a mota za ku ƙare.

Yawancin waɗannan wurare na mutane ne. Ko dai gidan gonar wani ɗan uwa ko aboki mai ɗaki ɗaya ko biyu da rumfa da mai gadi, ko kuma garkar manomin da da ita yake ci da iyalinsa. Ba a faɗa musu kwatsam da mota cike da yara. Ana kiran mai wurin kwana biyu ko uku kafin ranar, a gaisa sosai, sannan a kawo magana: "Alhaji, ina so in kawo iyali su sha iska a gona ran Asabar da yamma, in babu takura." In ya amince, a roƙe shi ya sanar da mai gadi, a kuma karɓi lambar mai gadin, domin shi za ku tarar, ba Alhaji ba.

In wurin baƙo ne a gare ku, zuwa da kai ya fi aike. Maigida ya hau babur ya je ya gani da idonsa. Abin da zai duba ba shi da yawa: ina inuwa take faɗawa bayan la'asar, akwai makewayi mai sutura da mata za su iya shiga, rijiyoyi nawa ne kuma suna da baki ko a buɗe suke daidai da ƙasa, sannan daga kwalta zuwa ƙofar gonar yashi ne ko ƙasa mai tauri. Ya duba salularsa ya ga ko akwai rezo. Ya kuma tambayi mai garka yaushe aka yi feshin magani na ƙarshe da kuma a kan wane fangali. Mutane kan ji nauyin wannan tambaya, alhali manomi ba ya jin haushinta, shi ma ba ya son a ce ɗan baƙo ya ci tumatirinsa ya kwana yana amai.

Lokacin da ya fi

A ganina babu kamar daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Garake sun yi kore da salati da shu, wato kabeji, da karoti da albasa, zafi ya sauka, sauro ya ragu. Abin lura kawai hazo ne: ranar da aka tashi ƙura ta rufe duwatsun Birni, a ɗage fitar, musamman in akwai jariri ko mai asma. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kuma ƙarfe 3 na rana ba lokacin fitar da yaro ba ne. Mai son kai yara cin mangwaro a lokacin ya bari sai an yi la'asar, tunda rana ba ta faɗuwa sai wajen 7 saura. Damina tana da kyan gani, amma hadari na iya haɗuwa cikin rabin awa, hanyar gona ta zama taɓo, ga sauro.

Game da inuwa, kada a manta halin gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Wurin da kuka sha inuwarsa a Janairu, in kun koma a Agusta rassa tsirara za ku tarar. Ƙasar nan tamu ta gawo ce tun da daɗewa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi, kuma tun daga shekarun 1980 manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka koma barin ƴan tsiron gawo a gonakinsu har suka zama itatuwa. Kuka kuwa akasin haka take, da rani ba ta da ganye. Inuwar da ba ta ba da kunya kowane lokaci ita ce ta mangwaro da tsamiya da dogon yaro.

Ranar ma a zaɓe ta. Lahadi kasuwar Mirya ke ci, hanya kan cika da amalanke da dabbobi da masu babur. In uwargida na son randa ko tukunya irin ta Mirya, Lahadin ta yi, a ƙara rabin awa a lissafi. In zama kawai ake so, Asabar ta fi.

Abin hawa

Mai motar kansa ya sha mai tun jajibiri, ya duba tayar safaya da jak, ya jefa shebur a but. Takardun mota da katin shaidar kowane babba su kasance a hannu, da ƴan canji na kuɗin hanya a mafitar gari. In mota ta kafe a yashi, kada a yi ta taka totur, ƙara nutsewa take. A sauke mutane, a kwashe yashin gaban tayoyi, a rage musu iska kaɗan, a shimfiɗa kara ko rassa, a tura.

Wanda zai ɗauki shatar adaidaita ko tasi ya gama ciniki na zuwa da dawowa gaba ɗaya, ya biya rabi, sauran sai an dawo gida. Mafi kyau direban ya zauna tare da ku ya ci abinci ya sha shayi. "Ku kira ni in kun gama" ita ce maganar da ke sa iyali yin isha'i a bakin hanya. Mata da yara huɗu a kan kabu-kabu ɗaya kuwa, a kwaltar da manyan motoci ke bi, ban ba da wannan shawara ba ko kusa.

Kaya da abinci, tun daren jajibiri

Ruwa ne farko. Mutumin Damagaram ba sai an koya masa darajar ruwa ba, amma da yawa kan ɗauka cewa tunda garka za a je, ruwa ba matsala. Ruwan ban garka na shuka ne. A cika bido ɗaya na lita 20 daga gida don alwala da wanke hannu da wanke abin da aka tsinka, na sha kuma a ware shi daban, aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum. A sa wasu robobin a firiji su daskare tun dare, su ne ƙanƙararku a cikin kula, in sun narke a sha.

Tabarmi biyu ko uku, ɗaya ta sallah. Buta biyu, sabulu, wuƙa, tire, tocila, buhu ɗaya wanda ba komai a ciki saboda shara. Kujerar roba ko matashi ga kaka in za ta je. Kowane yaro da takalmi rufaffe da rigar sanyi, domin da hunturu rana na yin ƙasa garka kan ɗauki sanyi fiye da cikin gari. A ƙaramar jaka a sa farasetamol na manya da na yara, auduga, filasta, da ƙunshin gishirin zawo. In babu ƙunshin, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci kuwa, ƙa'ida ɗaya ce: kada a ɗora tukunya a can. In aka ce za a yi girki a gona, maza da yara ne suka fita shan iska, uwargida da ƴan mata sun canza madafa ne kawai, ga hayaƙi ga ƙarancin ruwa. A ci abincin rana a gida, a tafi da abin taɓawa wanda ba ya lalacewa da wuri. Dambu da zogale yana jure zama. Haka soyayyar kaza ko zabo, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, kilishi, burodi, gyaɗa, dabino. Alkaki kuwa, ai Damagaram ce garinsa, a saya da ɗan yawa saboda a bar wa mutanen gona. Abin da ba na so a irin wannan fita shi ne miya mai ruwa da duk abin da aka kwaɓa da mayonez, ɗaya na zubewa a mota, ɗaya na juyawa cikin zafi.

Fura tana da dabararta. Kada a dama ta a gida. A tafi da ƙwallayen a rufe cikin kwano, nono a roba cikin kula kusa da ƙanƙara, sukari daban, a ɗauki ƙwarya da ludayi. A can ake damawa, lokacin da yara suka dawo daga guje-guje. Wadda aka dama tun azahar ta sha zafin but, kafin la'asar ta yi tsami ta kumbura.

Kayan shayi a haɗa su wuri ɗaya: ɗan murhu, gawayi, ashana, buta, ƙananan kofuna, ganyen shayi, sukari. Na'ana'a sau da yawa akwai ta a garka. Duk abin da ba abinci ba ne a loda shi a mota ko a tara shi a zaure tun dare.

Tashi da isa

A yi wa yara wanka a shirya su kafin azahar, kowa ya zaga bayi. Ana sallamewa a tashi. A ƙirga kawuna da ƙarfi a ƙofar gida, a riƙe adadin, domin da shi za a dawo, musamman in an haɗa da ƴaƴan maƙwabta. A faɗa wa wani a gida ko maƙwabci inda aka nufa da lokacin dawowa.

In kun isa, kowa ya dakata a mota, maigida ya sauka ya yi sallama. Mai garka na iya kasancewa can ƙarshen fangali da tiyo a hannu, a jira shi ya zo. A gaisa a tsanake.

"Salamu alaikum. Baba, barka da aiki. Ina gajiya? Ya ban ruwa?"

"Alhamdu lillahi. Ku ne baƙin Alhaji? Marhabin, bismillah ku shigo."

A nan ake miƙa masa ɗan abin da aka riƙo, goro ko sukari da ganyen shayi ko alkakin nan. Sannan a ce: "Baba, nuna mana inda za mu zauna da inda ba a so yara su taka." Wannan tambaya ita ke gyara zaman gaba ɗaya, domin daga nan ya san kun san wurin da mai shi.

Kafin a saki yara, babba ɗaya ya zaga da su tare da mai garka. A nuna musu kowace rijiya da ido, a ce nan ba a zuwa. Rijiyar garka sau da yawa ba ta da baki, ciyawa ta rufe gefenta, ƙasar wurin kuma a jiƙe take tana santsi. A damƙa kowane ƙaramin yaro a hannun wani babba da suna. "Ku kula da shi" ba ta isa ba, a ce: "Yaya babba, auta a hannunki yake har mu koma mota." In aka bar wa kowa, babu mai dubawa.

Ɗakin gidan gona da ya daɗe a rufe, a buɗe ƙofa da taga a bar shi ya sha iska kafin kowa ya shiga. A duba bayan ƙofa da rufi saboda rina, a kakkaɓe duk tabarma ko katifar da aka tarar a ciki saboda kunama. Wurin shimfiɗa a share shi, a ɗaga kai a duba itacen, kada a zauna ƙarƙashin amya ko busasshen reshe.

Zaman kansa

A hura gawayi tun da aka sauka, domin shayi zagaye uku yana cin fiye da awa ɗaya, wanda ya bari sai bayan la'asar da na farko kawai zai tashi. A tona ɗan rami a yashi a sa murhun ciki, nesa da zana da tarin kara da harawa. Iskar hunturu ba ta da wasa da tartsatsi, kuma tarin harawar da kuke gani abincin dabbobin mutum ne na rani guda.

Yara ba sa buƙatar a tsara musu komai da yawa. Abin da ya fi burge ɗan birni shi ne a ba shi aiki na gaske. A roƙi mai garka ya bar su su riƙe tiyo, ko su buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan da ƴar fartanya. A koya musu tafiya a kan kunya, ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ba cikin shuka ba. A sa su tuge karoti ɗaya da hannunsu: a kama ganyen daga gindi, a girgiza hagu da dama har ƙasa ta saki, sannan a ja sama a hankali. Wanda ya fizga da ƙarfi ganye kawai zai tashi da shi. Kaka kuma ta samu ranarta, ta nuna musu aduwa da magarya da kurna da goruba, ta faɗa musu wanne ake ci, wanne ake magani da shi. Bayan haka a bar su da langa da ƴar gala-gala da ɓuya, a fili, ba wajen rijiya ba. Salula ta zauna a jaka in ba hoto za a ɗauka ba, hoton ma kada a ɗauki iyalin mai garka sai an tambaya.

Ba a tsinkar komai sai da izini, ko da ya faɗo ƙasa. Ba a jifan mangwaro, jifa na kakkaɓe fure da ƴaƴan da ba su nuna ba. Abin da kuke so ku saya, ku biya farashin kasuwa ba tare da dogon ciniki ba. In mai garka ya ce "haba, ku bar shi", a karɓi kyautar a yi godiya, a kuma sayi wani abin daban da kuɗi. Duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwan da kuka zo da shi.

La'asar a yi ta cikin jam'i da mutanen gona, sannan a ci abinci. A zuba wa mai gadi da mai garka nasu tun kafin ku sa hannu, ba ragowa ba.

Ƙarangiya, tafki da sauransu

Daga kaka zuwa tsakiyar rani ƙarangiya ce ke fara sa yaro kuka. Tana kama zane da safa da gashin kai, in ka cire da busasshen hannu ta koma yatsanka. A jiƙa yatsu da ruwa tukuna, sai a kama ta a hankali a zare, ba ta cika shiga jiƙaƙƙen yatsa ba. Wadda ta cika bakin zane a kankare ta da bayan wuƙa ko mataji. Tsidau kuma tafin ƙafa yake nema, shi ya sa aka ce takalmi rufaffe.

Tafki da kududdufi a kalle su daga nesa. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance a ƙasar nan yana ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin ƙananan katantanwa take fitowa, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wasan ƴan mintuna da ƙafa a ciki ya isa, sai bayan watanni a ga yaro na fitsarin jini. Ganin yaran ƙauyen suna iyo ba hujja ba ce.

In kunama ta harbi babba, a wanke wurin, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, a sha farasetamol, a sa ido. In ƙaramin yaro ne, a naɗe tabarma a nufi asibiti nan take. Saran maciji kuwa babu jira ga kowa: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi mota ba tare da ya taka da ƙafarsa ba. Akwai asibitin gunduma a Mirya, ga kuma babban asibitin ƙasa a cikin Damagaram. Rigakafin duk wannan shi ne yara su daina tura hannu cikin rami da ƙarƙashin tarin kara ko duwatsu.

Tashi

Da hunturu, 5 da kwata a fara naɗe kaya, ko da hira ta yi daɗi, ko da yara na roƙon a ƙara kaɗan. Abin da ake so shi ne 6 saura kwata ta same ku a kan kwalta. Bayan faɗuwar rana hanyar nan ta amalanke ce marasa fitila, da garken da ke komawa gida, da manyan motoci masu kashe ido. Sauron garka ma lokacinsa ke nan.

A kashe wuta da ruwa, a binne tokar da yashi, a taɓa da hannu a tabbatar ta huce. A bi wurin a tsince komai cikin buhun nan, musamman leda da robar fiya wata. Akuya da tunkiya na haɗiye leda, ta cushe musu ciki har ta kashe su, asarar kuma ta mai gona ce. Buhun ya koma gari tare da ku. A kakkaɓe tabarmi da takalma kafin a sa a mota. A sallami mai gadi da kuɗi, jaka ɗaya ko biyu gwargwadon hali, a damƙa masa a hannu a gefe, ba a gaban yara ba. A sake ƙirga kawuna kafin a tada mota.

In an iso gida, a yi wa yara wanka a duba ƙafafunsu da kawunansu saboda ƙaya. Salati da tumatirin da aka sayo a raba tsaraba tun daren, domin salati ba ya kwana biyu. Washegari a kira mai gona a yi masa godiya, in an lura da wani abu da ya lalace, kamar zana da ta faɗi ko bakin rijiya da ya zube, a faɗa masa. Yaron da ya yi zazzaɓi cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan fitar, a kai shi a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa an je garka.